Na sauke E36 ɗina ƙasa, yanzu tana tsalle kamar ɗan akuya

Mai E36: Salamu alaikum ƴan gida. Wanda zai yi dariya ya yi tun yanzu ya gama, sannan a ba ni shawara dan Allah. BMW ɗina ce 328i ta 1996, samfurin da ake kira E36, wata biyu da suka wuce na sa mata koyiloba, wato amortisa (shokzoba) ɗin nan mai zare a jiki da resor (sifirin) a kansa, wanda kake murza zobe mota ta hau ko ta sauka. Na hannu ne na saya jika 180, ba suna a jiki sai wata takarda da ta goge, resor na gaba an rubuta 10K na baya 8K. Na sauke ta har yatsa ɗaya ba ya shiga tsakanin taya da bodi, na sa jant, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai inci 18. A tsaye wallahi abin kallo ce, a unguwar Zariya nan Maradi yara har hoto suke ɗauka. Amma da na kama hanya sai Allah ya kyauta, haƙorana ke haɗuwa, kowane dodan, tudun nan na rage gudu, sai na shiga da gefe kamar kaguwa, kuma shekaranjiya kan hanyar Tibiri na taka wani ɗan gurɓi a kwana ina kan 90 motar ta yi tsalle ta matsa gefe kusan taku guda. Nan ne jikina ya yi sanyi. Na murza maɓallin da ke saman amortisa, na saita tauri, duk ya koma laushi, ba abin da ya canza. Mi na yi ba daidai ba?

Sarkin Kortej: Wa alaikumus salam. Ba abin da ka yi ba daidai ba ɗan uwa, haka motar gayu take. Kyau da wahala tare suke tahiya. Tawa ta fi taka ƙasa, ranar buki kowa ni yake nema in ja gaba

Ɗan Katsina: Kai kuma da ka fasa kartar mai, tukunyar man da ke ƙasan injin, sau biyu a wata ɗaya kai ne mai ba da shawara? 😂

Sarkin Kortej: Sau ɗaya ne, na biyun liƙin ne ya buɗe

Baba Fijo: Wa alaikumus salam yaro. Kahin kowa ya ce komi, ka yi mani abu guda. Ka samu igiyar roba irin wadda aka ɗaure waya da ita, ka ɗaura ta a sandar amortisa ta gaba, ka tura ta ƙasa ta zauna bakin kwanso, motar tana tsaye bisa ƙahwahunta. Ka auna daga igiyar zuwa robar nan da ke sama, bute. Sannan ka zagaya gari ka dawo ka duba inda igiyar ta kai. Ka hwaɗa mani lambobin biyu.

Mai E36: To Baba. Bari in je garaji bayan la'asar

Mai E36: Baba na auna. A tsaye milimita 14 ne tsakaninsu. Da na dawo igiyar ta nutse cikin robar, robar ma ta tsage gefe guda

Baba Fijo: Wala. To ba bisa resor kake tahiya ba, bisa roba kake. Milimita 14 ko tsakuwa ta hi haka. Shi ya sa maɓallinka bai yi komi ba, shi mai yake matsewa ko ya saki a ciki, kai kuwa sandar ba ta da wurin tahiya balle man ya yi aiki. Kuma tsallen da ta yi maka a kwana shi ne abin tsoro, don lokacin da taya ya bar ƙasa sitiyari ado ne, birki ma haka. Ni tun zamanin Fijo 504 nika wannan aiki. Abin da ya sa 504 ta ci Afirka, har ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, ƙahwarta tana da nisan tahiya, ta shiga rami ta hito jikin motar bai sani ba. Mun yi lodin mutane da buhunna zuwa Dakoro tun hanyar tana jar ƙasa. Ku kuma yanzu kun ɗauki motar da Jamusawa suka zauna suka auna kun durƙusar da ita kamar raƙumi za a yi mai lodi.

Ɗan Katsina: Baba Allah ya ƙara girma. Amma ni a ganina ba saukewar ce kaɗai matsalar ba, sifirin ɗin ma ya yi tauri. Mu nan shokzoba muke cewa, ku ku ce amortisa, duk abu ɗaya ne. 10K a gaban E36 ai na filin tsere ne mai santsi kamar tire, ba hanyar Dan Isa ba

Mai E36: Tsaya, wai shi K ɗin nan mi yake nufi ne? Mai sayarwa ya ce mani ƙarfi ne, wai in lambar ta fi yawa ya fi inganci

Malamin Lise: Salam. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma nan fagena ne, ku yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. 10K yana nufin sai ka ɗora kilo 10 kafin resor ya lotsa milimita 1. Ba inganci ba ne, tauri ne kawai. Buhun siminti kilo 50 zai sauke shi milimita 5, in 4K ne ya sauke shi milimita 12 da rabi. Wasu kamfanoni da Newton suke rubutawa, kilo 1 kusan Newton 9,8 ne, Amurkawa kuma da laba kan inci, 1K kusan 56 kenan a nasu.

Amma lambar da ke jikin resor ba ita ce taya ke ji ba, nan ne mutane ke ɓata. A gaban E36 resor yana kan amortisa daf da taya, in taya ya hau milimita 10 resor ya lotsa kusan 9 da rabi. A baya kuwa resor ba ya kan amortisa, yana zaune can tsakiyar hannun ƙafa, in taya ya hau 10 shi kusan kashi biyu cikin uku kawai yake lotsawa. Kuma wannan kason sau biyu ake ninka shi, sau ɗaya don tazara sau ɗaya don ƙarfi, kamar dai ka ɗaga dutse da doguwar sanda. To gaba 0,95 sau 0,95 kusan 0,9, taya yana jin 9K daga cikin 10 ɗinka. Baya kusan 0,43, daga 8K taya 3,4 kacal yake ji. Ka ga gabanka ya fi bayanka tauri kusan sau biyu da rabi, a motar da nauyinta gaba da baya kusan raba daidai ne.

Sarkin Kortej: Malam mun gudu daga lakol ka biyo mu har nan

Malamin Lise: Saura kaɗan ɗalibi, zauna 😄 Abin da masu ƙera mota ke dubawa shi ne sau nawa jikin mota zai yi lilo a daƙiƙa ɗaya in ka danna shi ka saki ba amortisa, shi ake aunawa da Hz. Motar gida tana tsakanin 1 da 1,5. Motar gudu ta kan titi 1,5 zuwa 2. Sama da 2 an shiga na tsere. Motarka da kai a ciki mu ce kilo 1400, kowace kusurwa 350, a cire nauyin taya da jant da birki da resor bai ɗauke su ba, saura kamar 300. Na buga lissafin, gabanka yana wajen 2,7, bayanka wajen 1,7. Gaba motar tsere baya motar kasuwa. Alhali abin da aka sani tun shekarun 1930, daga aikin wani injiniya Maurice Olley a General Motors, shi ne baya ya ɗan ɗara gaba sauri, saboda gaba ke fara taka tudu, baya ya zo daga baya, in ya fi sauri kaɗan sai ya cim masa motar ta sauka a miƙe ba ta yi sallama da kai ba.

In ni ne, 4K a gaba, ya ba ka kusan 1,7. 10K a baya, ya ba ka kusan 1,9. Har yanzu ta fi yadda ta fito daga kamfani tauri, za ka ji ta kama ƙasa a kwana, amma ba za ta zubar maka da haƙora ba.

Mai E36: Malam wato 10 ɗin da ke gabana baya ya kamata ya koma?? Ikon Allah

Malamin Lise: In tsawonsa da faɗin bakinsa sun zauna a mazaunin baya, e. Ka auna tukun. Bakin resor na koyiloba kala kala ne, akwai milimita 60, akwai 62, akwai 65, akwai na Amurka inci 2 da rabi wato 63,5. A ido duk ɗaya ne. In ya yi faɗi yana rawa kan zobe, in ya matse yana cin zaren. Wurin baya kuma gajere ne, dogon resor zai ɗaga maka ita kamar Hilux.

Ɗan Katsina: Malam ban ƙi lissafinka ba amma ina da ja. Masu E36 da yawa da ke shiga fili tauri suke sawa a gaba da gangan, saboda irin ƙafar gabanta in mota ta kwanta a kwana tayan waje yana kifewa kan gefensa ya rasa riƙo. Taurin yana hana ta kwanciya. Ba jahilci ne ya sa kamfanoni ke sayar da 8 ko 10 a gaba ba

Malamin Lise: Gaskiyarka, kuma ban ce jahilci ba ne. A fili mai santsi hakan na aiki. Amma kwanciyar kwana akwai wata hanyar maganinta, sandar nan da ta haɗa ƙafar hagu da dama, bar stab, a sa mai kauri kaɗan, a ƙara karosaj wato kan taya ya ɗan karkata ciki kamar digiri 1 da rabi zuwa 2. Bar stab ba ta aiki in tayoyin biyu suka hau dodan tare, sai in mota ta karkata. Shi resor kuwa ko'ina yana tare da kai. Tambayar ita ce ina filin tsere a Maradi? Shi kan hanyar Tibiri ya kusa tafiya.

Ɗan Katsina: Na yarda da rabi. Ni da 5 ko 6 zan sa

Malamin Lise: 5 zai kai ka wajen 1,9, sai bayan ya nemi 12. Ba haram ba ne. Bayanka ne zai biya

Sarkin Kortej: Duk wannan dogon turanci. Ku kai wa mai walda ya gasa resor ɗin da wuta ya yi laushi, ko a yanke zagaye biyu. Haka muka yi wa Golf ɗin abokina jika biyu kacal

Baba Fijo: Kai yaro ka ji tsoron Allah, kar ka kashe ɗan mutane. Ƙarhen resor dahwaffe ne, an ba shi wuta an kashe ta da awo. In ka sake gasa shi ya mutu, yau ya zauna gobe ya ƙara zama jibi ya karye, kuma ba ya karyewa a garaji sai kana gudu. Yankewa kuma ba ta sa laushi, tauri take ƙarawa, Malam ya gyara mani in na yi kure.

Malamin Lise: Haka ne Baba. Yawan zagaye shi ke kawo laushi, in ka rage zagaye ka ƙara tauri. Kaurin waya kuma shi ne sarki, sau huɗu ake ninka shi, daga milimita 11 zuwa 12 kawai taurin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa resor na hannu da lambarsa ta goge ba a sayensa da ido. A tsayar da shi cikin bututu kada ya fauce, a ɗora faranti, a ɗora nauyin da aka sani, a auna.

Admin: Sarkin Kortej wannan gargaɗi ne. Kuma tunda an zo wurin, bidiyon wasan mota na ranar buki cikin unguwa da ake turowa nan daga yau gogewa zan yi. Yara ne a bakin hanya.

Sarkin Kortej: An ji shugaba

Mai Tur: Salam. Ni nawa ɓangaren ƙarfe ne. In ka ga amortisan nan marasa suna ba za su yi ba, ana iya haɗa koyiloba a nan gida, na yi wa mutum uku. Ana ɗauko kwanson amortisa na asali na gaba, a cire farantin da resor ke zama, a yi waldar zoben ƙarfe mai kauri a jiki, a zura hannun riga mai zare ya zauna kan zoben, sai zobba biyu, ɗaya na ɗaukar resor ɗaya na kulle shi. Ciki kuma a sa sabon amortisa, Koni na ƙasar Holan suna da irin wanda ake yanke kan tsohon kwanso a zura shi a ɗaure da noti ta ƙasa. Zaren ni nake yankawa a tur, injin sassaƙa ƙarfe, mai faɗin haƙori nake yi ba siriri ba saboda ƙurarmu. Sharaɗi ɗaya, ba na kusantar da wuta ga amortisan da ke da mai da iska a ciki. Sai an huda an zubar, kwanso ya zama fanko. Mai bututu ɗaya kuwa ko hudawa ba na yi, iskar nitrojin da ke cikinsa tana iya kai bar 20 ko fiye, tayar motarka bar 2 da ɗan kai ce, ka kwatanta.

Mai E36: Maigida mi ne bambancin mai bututu ɗaya da mai biyu? Nawa ban san ko wanne ba ne

Mai Tur: Mai biyu, bututu ne cikin bututu, fistan yana na ciki, na waje ma'ajiyar mai ce. Ya fi arha, kuma ko dutse ya lotsa na wajen yana ci gaba da aiki. Aibinsa zafi, in ka daɗe kan hanya mai eskaliye, wato ƙananan tudu a jere, irin ta ƙauye a watan Afrilu rana ta wuce 40, man ya yi kumfa sai ka ji motar ta saki kamar kwalekwale. Mai ɗaya kuma mai da iska an raba su da wani fistan, ba kumfa, zafi na fita da sauri don man na jingine da bangon waje. Wani Bafaranshe de Carbon ne ya ƙirƙiro shi, Bilstein na Jamus suka ɗauka suka fara sa wa Mercedes a 1957. Amma in dutse ya lotsa bangon, fistan ya cije, ya gama. Turo hoton naka ta ƙasa.

Mai Tur: Na gani. Mai ɗaya ne, kuma ka yi sa'a irin mai zare biyu ne. Dubi ƙasa, kwanson da ke ɗaure da ƙafar mota shi ma murzawa yake. Da shi ake hawa da sauka. Kai ka bar shi ka je ka sassauta zoben resor har ƙasa, shi ya cinye maka tafiyar sanda. Na tabbata in ka ɗaga motar da kirik, wato jak, resor ɗin rawa yake a wurinsa

Mai E36: Wallahi rawa yake, har ƙara yake ƙwal ƙwal in na hau tudu. Na zaci rotil ne, gwiwar ƙafar mota

Mai Tur: To ka ɗaga zoben har ya taɓa resor ya daina motsi, ka ƙara kamar milimita 4 ko 5, ka kulle. Kar ka sake taɓa shi don neman tsawo. Kuma matse resor da zobe ba ya ƙara masa tauri, wannan ma mutane sun kasa ganewa, 4K ko ka matse shi 4K ne, wurin da sanda ke tsayawa kawai kake canzawa. Amma ka sani 4K zai lotsa kusan milimita 80 da nauyin motar kaɗai, 10K kuwa 30 da ɗan kai. Sai ka nemi dogon resor, kamar 220, ka kuma auna sandarka ko tana da tsawon da zai ɗauki wannan ta bar maka na shiga rami. In gajera ce sai an matse resor ɗin sosai da zobe ko a koma 5K.

Ɗan Katsina: Kun ga an dawo maganata 😎

Maman Ihsan: Ni ban san K ba ban san Hz ba, abin da na sani ranar sunan ɗiyar ƙanwata wannan motar ce ta ɗauko Inna daga Sabon Gari, da ta sauka ta ce a nemo mata adaidaita ta koma. Ƙanena ka ɗaga motar nan

Mai E36: Yaya har nan kika biyo ni 🙈

Baba Fijo: Hajiya ta gama magana. Wani abu kuma, jant 18 ɗin nan. Taya shi ne resor na hwarko. Motarka da 15 ko 16 ta hito. 225/50 a 16 gehensa milimita 112 ne, naka 225/40 a 18 milimita 90. Wannan 22 ɗin da ka zubar shi ke tsakanin jant ɗinka da bakin rami. Ka koma 16, ko 17 in gayun ya hana.

Kuma in ka ɗaga baya ka buɗe but ka cire kapet ka duba inda kan amortisa ya ɗaure. E36 nan ne ciwonta, robar ta mutu ko ƙarhen ya tsage kewaye da noti. Wasu na cewa a ɗauke resor na baya a maida shi bisa amortisa wai ya zama koyiloba na gaske. Kar ka yarda sai an ƙarhwahwa wurin da hwaranti, don ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba.

Mai E36: Na dawo bayan sati biyu, ku yi haƙuri. Resor ya ba ni wahala, tunda aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan Kwatano sai a hankali, a ƙarshe wani yaron mota ya samo mani 5K tsawon 200 baki 62 a Ƙofar Ruwa ta Kano, na gwada da buhun siminti biyu ya sauka milimita 20 cif. 4K bai samu ba, kuma Mai Tur ya auna sandar ya ce ko ya samu da ƙyar. Na gaban 10K bai zauna a baya ba, ya yi tsawo, sai muka samu gajere 10K. Malam na san ka ce 12, babu. Na ɗaga motar, yanzu ƙasa da asali da kamar milimita 25 kawai, sanda tana da 45 kafin bute, na sa sabuwar bute. Baba ka yi gaskiya, gefen dama na baya ƙarfen ya fara tsagewa, an yi walda an sa faranti. Jant 17. Dodan yanzu gaba gaɗi nake hawa. Amma abu biyu. Kwanar hagu tana shiga da daɗi, ta dama sai ta yi gardama. Sannan a hanyar Madarunfa inda kwalta ta yi ƙananan tudu a jere, farko lafiya, can sai in ji tana ƙara tauri tana ƙara zama har ta fara bugawa.

Malamin Lise: 5 da 10 ya sa gaba da baya duk suna wajen 1,9, ba laifi, ka zauna haka. Na biyun da ka faɗa amortisa ne. Aikinsa biyu, yana riƙe sanda wajen shiga, yana riƙe ta wajen fitowa, kuma na fitowa ya fi ƙarfi don shi ke hana resor harba motar sama. Naka an yi masa ciki don ya riƙe 10K, yanzu 5K ne ke turo shi, ƙarfin bai isa ya fito da sandar da wuri ba, kafin ta dawo wani tudun ya zo, kowane tudu ta ƙara nutsewa har ta zauna kan bute. Maɓallinka yana nawa?

Mai E36: Na maida shi tsakiya, 16 cikin 32

Malamin Lise: Ka murza shi ya kulle gaba ɗaya a hankali kar ka matsa, daga nan ake ƙirge, ba daga laushi ba. Gaba ka buɗe 26, baya 18 tunda shi taurin ya ƙaru. Ka zaɓi hanya guda ka riƙa bi da gudu guda, ka canza 2 ko 3 a lokaci ɗaya, gaba daban baya daban, ka rubuta a takarda. In ta hau tudu ta yi lilo sau biyu ya yi laushi, in ta zauna tana bugawa ya yi tauri. Irin masu arhan nan ba lalle hagu da dama su zo ɗaya ba ko da lamba ɗaya ka sa. Masu tsada irin KW ko Öhlins abin da kake biya kenan, wasu ma maɓallin shiga daban na fitowa daban.

Baba Fijo: Na kwanar kuma, an yi faralelis, wato daidaita saitin tayu, bayan ka ɗaga ta? Kuma silanbulok ɗin da kuka kwance, robobin mahaɗar ƙahwa, a sama kuka ɗaure su ko tana ƙasa?

Mai E36: An yi faralelis. Ɗaurin kuma tana kan kirik aka yi

Baba Fijo: A sassauta a sauke ta bisa tayunta a sake ɗaurewa, in ba haka ba robar a murɗe take kwana, wata uku ta yage. In an yi haka ba ta daina ba to nauyi ne bai zauna daidai ba, awa tebur mai gajeriyar ƙahwa guda.

Alhaji Mai Aya: Ina da baskil huɗu a sito da muke auna aya da wake, kowane yana ɗaukar kilo 500. Ranar Juma'a bayan masallaci ba lodi. Ku zo, amma wanda ya karya mani sikeli ya saya

Malamin Lise: Allah ya saka Alhaji. A tabbata huɗun suna kan daidai da juna, a gwada da tiyo mai ruwa irin na magina, a cire sandar bar stab gefe guda, iskar taya daidai, shi kuma ya zauna a kujerarsa.

Mai E36: Mun auna jiya. Gaba hagu 395, gaba dama 322, baya hagu 330, baya dama 353. Malam ya ce a haɗa gaba hagu da baya dama, 748 cikin 1400, sama da kashi 53, ya kamata ya zama rabi. Muka ɗan ɗaga gaba dama da baya hagu, muka ɗan sauke sauran biyun, zagaye ɗaya ɗaya, sau biyar muna ɗaga mota muna saukewa muna girgiza ta, yaran sito suna ta mana dariya. Ƙarshe 371, 346, 354, 329. An sake faralelis da safe. Kwanar dama ta daina gardama. Maɓalli na tsaya 28 gaba 17 baya, bugun Madarunfa ya ragu sosai amma bai tafi duka ba, kuma na ga gaba hagu ya fara jiƙewa da mai a bakin sanda.

Mai Tur: Shi ne wanda ya fi shan bugu lokacin da take durƙushe. Kawo in duba ko irin da ake kwancewa ne, amma cika nitrojin ɗin ba ni da kayansa. In ba ya gyaruwa ka fara tara kuɗin Koni mu haɗa maka na gida, resor ɗinka da zobba duk za su yi aiki. Kafin nan ka wanke zaren da buroshi, kar ka shafa giris ƙura ta manne ta zama siminti, ka yanko tsohon tib na babur ka rufe shi kafin hunturu.

Sarkin Kortej: Na gan ta jiya gaban gidan mai. Ta koma motar ɗan fansho

Ɗan Katsina: Motar ɗan fansho da kartarta lafiya lau

Sarkin Kortej: Mai Tur in an gama da kilen zoben nan a aro mani, akwai abin da nake so in duba a tawa, ba wai ɗagawa zan yi ba

Mai Tur: Kile yana wurin Mai E36 tun sati uku. Kai yaro ka maido mani kayana